Burtun Malam Tanko a Dajin Gombak

Duk wanda ya zauna a unguwar Wangsa Maju ta Malesiya a zamaninmu, ya ce bai taɓa jin carar Malam Tanko ba, to ko dai kurma ne, ko kuma ba ya tashi sallar Asuba. Da an sallame, mu muna laluben hanyar komawa katifa, shi sai ya buɗe ƙofar baranda a can saman bene, ya dafa ƙarfe, ya miƙe wuyan nan nasa mai tsawo, ya saki cara irin ta zakara. Mutum ne fa mai shekara arba'in da ɗoriya, malamin lissafi a kwalejin horar da malamai, da mata da 'ya'ya a gida, gwamnati ta turo shi Malesiya ya yi digiri na uku. Ni Allah ya haɗa da shi gida ɗaya, don haka a cikinku babu wanda ya kai ni shan wannan cara.

Ranar da ya fara, na fito a firgice da zanin rufa a kafaɗa. Na ce, "Malam, lafiya kuwa?"

Ya ce, "Ɗan birni, saurara da kyau." Haka yake kirana, don ni a Fagge aka haife ni, kuma a wurinsa wannan wata 'yar nakasa ce da ya kamata a tausaya mini a kanta. "Zakaran gida jan cararsa yake yi, don ba mai nemansa sai ranar suna. Na daji kuwa yanke ta yake a tsakiya, kamar an toshe masa baki, kada a gane inda yake. Shi nake koyo." Ya sake miƙe wuya ya yi, ya datse ta a tsaka. Ya juyo yana jiran yabo, ni kuwa na koma ɗaki na danna kaina a ƙarƙashin matashi.

Ba a daɗe ba wata tsohuwa 'yar China da ke ƙasanmu ta kai ƙara wurin masu kula da ginin, wai 'yan Afirka suna kiwon kaji a sama. Mutum biyu suka zo da rigunan aiki. Suka duba bayi, suka leƙa ƙarƙashin gado, har firiji sai da suka buɗe. Malam Tanko bai hana su ba, ya ma dafa musu shayi. Sai da suka gaji suka zauna, sannan ya ce, "Zakaran kuke nema? Ga shi nan." Ya miƙe tsaye ya zabga musu ita a tsakiyar falo.

Babban cikinsu ya ajiye kofi a hankali. Ya ce, "Encik, ini tak boleh lah." Wato Malam, wannan fa an hana.

Malam ya ce, "Dokar ginin nan na karance ta. An hana ajiye dabba. Nuna mini inda aka hana mutum cara."

Aka yi ta ja, daga ƙarshe aka daidaita a kan zai riƙa jira sai rana ta fito. Bai yi sati biyu a kan haka ba sai ga tsohuwar nan da kanta a bakin ƙofarmu, da lemo a leda. Wai jikokinta sun fara makara a makaranta, don Allah a mai da zakaran lokacinsa na da.

Waɗanda suka zo daga baya sun ɗauka taɓin hankali ne irin na masu yawan lissafi. Ba haka ba ne, abin yana da tushe. Mahaifinsa shi ne Sarkin Baka na ƙauyensu, can kudancin Kano wajen Tudun Wada. Duk 'ya'yan gidan maharba ne, sai Tanko kaɗai da boko ya ɗauke. Tsohon bai taɓa yi masa faɗa a kai ba, sai dai zolaya, kullum "mai farautar alli" yake kiransa. Da ya je sallama zai taho, tsohon ya sa aka sauko masa da burtunsa daga bango. Ga waɗanda irina ne 'yan birni: kan tsuntsu ne da aka sassaƙa da ice, aka rufe da baƙar fata, da dogon baki da jan ƙyalle a maƙogwaro. Maharbi yakan ɗaura shi a goshi, ya lulluɓa da baƙin mayafi, ya duƙa yana tafiya yana gyaɗa kai. Zabi da barewa sai su ɗauka burtu ne yake kiwonsa, har ya iso kusa da su.

Tsohon ya ce, "Ƙasar da za ka, akwai daji?"

"Akwai, Baba."

"To takardar da za su ba ka, ka kai wa gwamnati, ita ta aike ka. Ni gashin tsuntsun dajinsu nake so, wanda ka kama da hannunka. In shafa in ji, in san ba magatakarda kawai na haifa ba."

Malam Tanko da dariya yake ba da labarin nan, amma duk wanda ya zauna da shi ya san maganar ta zauna masa a rai. Idon tsohon ya riga ya fara tafiya. Duk ranar kasuwar ƙauyen, in Malam ya sayi katin waya ya kira wani ɗan'uwansu mai shago aka kai wa tsohon, gaisuwa ba ta nisa sai ka ji daga cikin wayar, "Ina gashina?"

Burtun nan tun a filin jirgi ya fara tara masa jama'a. Ma'aikacin kwastan ya zuge jaka, ya ga baki ya leƙo, ya ja da baya. Ya ce, "Apa ini?", wato mene ne wannan. Malam ya yi bayani da Turanci, mutumin bai gane ba. Ya ƙara da ɗan Larabcinsa, nan ma shiru. Sai kawai ya ɗaura abinsa a goshi, ya yafa babbar rigarsa a ka, ya duƙa, ya shiga zagaya teburin yana saran tayil da baki. Wai har wata ma'aikaciya sai da ta zauna a ƙasa don dariya. Mutumin ya ƙwanƙwasa kan ya ji ice ne, ya share hawaye ya ce, "Boleh, boleh, jalan," wato ba laifi, ya wuce. Malam ya ce mini tun daga ranar ya san zai ji daɗin ƙasar, don mutanenta suna girmama sana'a.

Tsuntsun da zai kama kuwa, a shagon abinci irin wanda suke kira mamak, na ƙasan gininmu, aka raɗa masa suna. Muna cin roti canai, wata irin gurasarsu, da yamma, talabijin ɗin shagon yana nuna wasu Amurkawa suna farautar talotalon daji. Sun sha kaya masu launin ganye, sun shafa baƙi a fuska, ga bindiga kamar za a yaƙi, ga wani ɗan usur na kanti da suke busawa yana kukan macen talotalo. Mai bayani yana ta cewa babu tsuntsu mai wayo irin wannan, sai a bazara ake samun kansa. Malam ya ajiye rotinsa, ya kalli abin har ƙarshe.

Ya ce, "Kukan ma saya suka yi a kanti. Ɗan birni, wannan ai fashi ne, ba farauta ba. A ba ni shi, ni da shi, ba bindiga."

Na ce, "To ai babu talotalo a dajin Malesiya."

Ya ce, "Daji daji ne. Kowane daji yana da talotalonsa."

Wannan "daji daji ne" ita ce amsarsa ga komai. In LRT, jirgin ƙasan cikin gari, ta cika maƙil, daji daji ne. In sufabaizansa ya dawo masa da babi duk jan biro, daji daji ne. Ranar da muka ɓata a cikin manyan kantunan Bukit Bintang muna neman ƙofar fita, ya tsaya ya shinshina iska, ya ce daji daji ne, ya kai mu wurin ajiye motoci na ƙarƙashin ƙasa.

Talotalon nasa a gonar Pak Deris ya same shi. Pak Deris wani dattijo ne ɗan asalin ƙasar da suka haɗu a masallacin Juma'a, gajere mai fara'a, yana da gonar duriyan, wani ɗan itace mai ƙaya, a bayan Gombak, daidai inda gonaki suka ƙare daji ya fara. Shi ya ba shi labarin ayam hutan, wato kajin daji, da wani jan zakara guda da ya gagari kowa a wurin. Pak Deris kansa tsohon mai kama su ne da tarko. Ya ce sau da yawa yakan ɗana wa zakaran nan zarge a kan hanyarsa, da safe sai ya tarar da sawunsa ya tsallake su ɗaya bayan ɗaya, kamar tare suka ɗana. Ba wanda ya taɓa yi masa kallon kirki, sai dai a ji cararsa, ko a hangi jan abu ya gifta. Malam ya dawo gida ranar yana ta murmushi shi kaɗai. Ya ce, "Na samu Talotalo."

Sau ɗaya na yi gangancin binsa tun da fari, kuma da bakina na jawo. Watan Maris ne, aka wayi gari ana tsuga ruwa, ya tashe ni wai bazara ta shigo.

Na ce, "Malam, wace bazara? Ƙasar nan tun da muka zo damina ake yi."

Ya ce, "Kai ne ba ka san ta ba. Zakara ya san bazararsa ko ana ruwan ƙanƙara. Lokacin neman aurensa ne, hankalinsa ya rabu biyu. In ba tsoro kake ba, taso."

Kalmar tsoron nan ce ta fitar da ni. Tasi kuwa Malam ba ya hawa, wai maharbi ba ya zuwa daji a kujerar baya. Muka shiga LRT ta farko, shi da taguwar farauta mai layu, burtu a jakar bakko bakinsa ya huda gefe ya fito. Wata mata da ke kusa da shi ta tashi ta koma can ƙarshen tarago. Daga tashar ƙarshe muka hau bas, daga bas muka taka, har gonar Pak Deris.

Ruwa ya ɗan tsagaita. Malam ya ajiye ni a gindin wata bishiya, ya ce ko tari na yi bai yafe ba. Ya yi cara. Can cikin kurmi aka amsa masa, gajera, a datse, daidai irin wadda ta hana ni barci wata da watanni. Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Ya ɗaura burtu, ya lulluɓa, ya duƙa. Ku da kuka san shi da tafiyar nan tasa ta raƙumi ba za ku yarda ba, amma mutumin nan da ya duƙa sai ya zama tsuntsu. Taku, tsayawa, saran ƙasa, ɗaga kai. Na hangi kaji uku a bakin kurmi suna tono, da wani ja a bayansu.

Kazar farko ta ɗaga kai ta ga burtu. Ihun da ta yi ban taɓa jin kaza ta yi irinsa ba. Kafin ka ce me, kajin sun tashi sama kamar tattabaru, birai suka kama kururuwa a kan bishiyoyi, har karen maƙwabcin Pak Deris ya tsinke igiya ya gudu. Dajin gaba ɗaya ya watse, aka bar Malam Tanko a duƙe a tsakiyar fili yana gyaɗa kai shi kaɗai.

Ni kuwa da na duba ƙafata sai na ga matsattsaku sun yi sahu a kan ƙwaurina, kowane ya ƙoshi. Ihuna ya fi na kazar.

A bas ɗin dawowa ina ta danna tishu a ƙafa, haushi ya ishe ni. Na ce, "Malam, kai da kake lissafi. Zabin garinku sun san burtu, tare suka tashi, shi ya sa ba sa gudunsa. Kajin nan fa? Tun kakanninsu ba su taɓa ganin tsuntsu baƙi mai girman ɗan maraƙi yana yawo a ƙasa ba. Ai gara ma ka je musu a mutum."

Ya shiga shafa bakin burtun har muka wuce tasha biyu. Na ɗauka na yi nasara, har na fara jin tausayinsa. Sai ya buga cinyata, daidai wurin ciwon.

Ya ce, "Ɗan birni, yau ka yi magana. Laifina ne. Baƙo ne ya shiga gari bai yi sallama ba. Ba su san burtu ba, to sai su san shi."

Abin da ya yi ke nan, kuma shi ne abin da har yau in na tuna nake dariya ni kaɗai a mota. Malam Tanko ya ajiye maganar kamu gaba ɗaya. Kowace Asabar sai ya tafi gonar Pak Deris, ya ɗaura burtu, ya yi ta kiwo a gefen daji tun safe har hantsi, ba ya ko kallon inda kajin suke. Wai gabatar da kansa yake yi. Pak Deris ya ce ya watsa musu shinkafa mana, abin zai fi sauri. Ya ce a'a, burtu ba ya raba tsaba, in ya yi haka za su gane akwai magana. Mutanen ƙauyen suka sa masa suna Pak Burung, wato Baba Tsuntsu. Masu babura sukan tsaya a bakin hanya su kalla, shi kuwa ko a jikinsa. Da farko birai suka daina ihu. Daga baya wani biri ya zo ya zauna a bayansa, ya zare masa ayabar da ke aljihu, kuma Malam bai motsa ba, don a cewarsa burtu ba shi da aljihu.

Karatu fa? Yana yi, kuma gwani ne, kada wani ya ce na ɓata shi. Amma sufabaizansa, wata farfesa mai tsanani, ta taɓa ganin tabon matsattsaku a hannunsa ta tambaya. Ya zauna ya kwashe labari duka ya gaya mata. Ta cire tabarau ta dube shi. Ta ce, "Mista Tanko, digiri nawa ka zo yi a ƙasar nan?" Ya ce, "Biyu, Farfesa. Naki ne mai sauƙin."

Haka bazara ta wuce, wata ta zo ta wuce. Kajin suka saba da shi har suna tono a gefensa, amma Talotalo bai yarda ba. Kullum yana can baya, ido ɗaya a kan matansa, ɗaya a kan burtu. Ana nan Malam ya kare kundinsa, aka ba shi digiri, bizarsa ta kusa ƙarewa, aka sayi tikiti. A makon nan na ga abin da ban saba gani ba. Ya daina cin abinci sosai, carar Asuba ma a gajarce yake yin ta, ba armashi. An kira daga gida an ce idon tsohon ya rufe gaba ɗaya, amma bai fasa tambaya ba.

Na ce, "Malam, kasuwar Chow Kit cike take da kaji. Mu fizgi gashi ɗaya mana, wa zai sani?"

Ya dube ni kamar na zagi uwarsa. Ya ce, "Mutumin da ba ya gani zan yi wa haka?"

Na ji kunya ƙwarai. Asabar ɗin ƙarshe na sayi doguwar safa irin ta 'yan ƙwallo, na zuba gishiri a aljihu saboda matsattsaku, na bi shi ba tare da ya ce in zo ba.

Ni da Pak Deris muka laɓe a bayan wata bukka ta gona. Malam ya yi cara ɗaya tak, aka amsa. Ya duƙa ya shiga kiwonsa kamar kullum. Kajin suka fito, suka kewaye shi. Can sai ga Talotalo. Ranar na fara ganinsa sosai: ja kamar garwashi, wuya ruwan zinariya, jela baƙa mai sheƙin kore ta lanƙwaso kamar lauje. Wata kaza ta matso gindin burtu tana tono. Abin da ya ci Talotalo ke nan, kishi. Ya kumbura wuya, ya saki fiffike ɗaya ƙasa, ya taho gadan-gadan zai kori baƙon da ya daɗe yana raɓar iyalinsa. Ya zo har ya kai wa bakin icen sara.

Ban ga lokacin da mayafin ya tashi ba. Na dai ga baƙin ƙyalle a ƙasa yana tsalle, Malam Tanko a kwance a kansa, burtu ya karkace ya koma kan kunne, yana ta faɗin, "Alhamdu lillahi, Baba. Alhamdu lillahi."

Muka ruga. Malam ya zaro zakaran a hankali, ya riƙe ƙafafun. Sai Pak Deris ya tsaya cak. A ƙafar hagu akwai wani ɗan zoben tagulla, ya dushe.

Ya ce, "Alamak. Si Merah." Wato wayyo, ai Ja ne.

Ashe zakaransa ne. Ɗan daji ne da ya kama tun yana ƙarami, ya rene shi a keji, ya sa masa zobe, yana kai shi bakin kurmi ya ɗaure don ya yi cara ya jawo 'yan'uwansa cikin tarko. Shekarun baya ya tsinke igiya ya ɓace, Pak Deris ya ɗauka mesa ta haɗiye shi, har ya yi makokinsa. Shi ya sa yake tsallake tarkuna, a gabansa aka riƙa ɗana su. Dattijon nan ya shiga shafa kan zakara yana yi masa magana da Malayanci kamar ɗan da ya dawo daga tafiya.

Ni dariya ta kusa kayar da ni, amma da na dubi Malam sai na haɗiye ta. Fuskarsa ta faɗi. Ya ce, "Baba cewa ya yi na daji." Ya daɗe yana kallon zoben. Jirginsa saura kwana kaɗan, wata Asabar ɗin babu ita.

Can ya ce wa Pak Deris, "Pak Cik, a keji kana ba shi abinci?"

"Safe da yamma. Shinkafa mai kyau, har da kifi."

"Kuma ya bar ta ya dawo nan, cikin ruwa da mesa?"

"Ka gani dai."

Malam ya gyaɗa kai, murmushi ya dawo. Ya ce, "To wanda ya bar shinkafa a kwano ya zaɓi daji, ai ya fi wanda aka haifa a ciki bai san wani wuri ba. Wannan ɗan daji ne sau biyu." Ya yi bismilla, ya zare gashi ɗaya mafi tsawo daga jelar, ya miƙa wa Pak Deris zakaransa.

Pak Deris ya karɓa da hannu biyu, ya ɗaga shi zai sumbace shi a ka. Talotalo ya sakar masa sara a leɓe, ya buga fiffike, sai ga shi a kan reshe, sai cikin kurmi. Daga can ya yi mana cara guda, a datse.

Malam ya ce, "Pak Cik, ɗan birni shaida ne. Ni na kama. Kai ka sake shi, kuma karo na biyu ke nan."

Bayan ya koma gida na kira shi in ji yadda aka yi. Ya ce bai ɓoye komai ba, har zoben ya faɗa. Tsohon ya karɓi gashin, ya shafa daga tushe har ƙarshe, ya shinshina. Ya ce, "Tanko, wannan ai zakara ne. Ka haye teku, ka yi shekaru, ka kawo mini gashin zakara? Zakaran ma na wani?" Gidan gaba ɗaya aka kwashe da dariya. Malam ma dariya yake yi a waya, amma na san muryarsa, na ji dariyar ba ta kai zuci ba. Ya ce, "Ka san Baba. Daji daji ne."

Ba a yi wasu shekaru masu yawa ba aka kira ni aka ce Malam Tanko ya rasu, bayan 'yar gajeriyar jinya. Ya riga tsohon tafiya. Na je ƙauyen gaisuwa, aka kai ni zauren da Sarkin Baka yake zaune a kan buzu, mutane sun kewaye shi. A bango bisa kansa ga burtun nan a rataye. A hular tsohon kuwa, a soke ta gefe, ga gashin Talotalo, ya ɗan koɗe. Wani ƙanen Malam ya raɗa mini cewa tun washegarin ranar da aka kawo shi yake a nan, da shi yake zuwa kasuwa, da shi yake zuwa Juma'a.

Na durƙusa na yi gaisuwa, na faɗi sunana. Tsohon ya juyo da fuskarsa wajen muryata.

Ya ce, "Kai ne ɗan birnin?"

"Ni ne, Baba."

"An ce kana wurin. Da hannu ya kama?"

"Da hannu, Baba, a kan idona. Sai da zakaran ya sari bakin burtun."

Ya kai hannu ya shafa gashin. Ya ce, "Ni na tsufa a daji, amma dajin da ya san burtu na tarar. Yaron nan dajin da bai san shi ba ya je ya koya wa. A cikin 'ya'yana babu maharbi kamarsa. Na so in ja shi da zolaya kaɗan tukuna, sannan in gaya masa."  Ni kuwa hawaye suka zubo mini, ban iya tare su ba.

Sai tsohon ya gyara zama ya ce, "Ɗan birni, an ce shekaru ka yi kana jin carar. Yi mini ita in ji."

A zaman makoki, a gaban dattawa. Na duba hagu na duba dama, ba mai ceto. Na miƙe wuya na yi iyakar ƙoƙarina. Abin da ya fito, wata akuya a waje ce ta amsa shi. Zauren ya fashe da dariya, tsohon ya yi ta yi har yana riƙe ciki, hawaye na bin gemunsa.

Ya ce, "Allah ya jiƙan Tanko. Wannan kam na gida ne."

Allah ya jiƙanka, Malam. Maganar da ka haye teku kana nema an faɗe ta, a gaban jama'a, ni na ji da kunnena, ga shi na isar. Allah ya haskaka kabarinka, ya raya abin da ka bari, ya haɗa ka da Baba a inuwar da babu rabuwa, ya gaya maka da bakinsa. Amin.